YADDA A KE GASA SIRIRIN BISKIT IRIN NA FARANSA A GIDA



Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi da la'asar, ko ya ratsa kasuwar Tarauni, lalle ya ga 'yan talla ɗauke da gireba da cincin da alkaki, ya kuma ga kantuna maƙil da biskit na cikin leda. Dukanmu muna ci, amma in aka ce mana, me ya sa wannan ya ke ƙaras-ƙaras a baki, wancan kuwa ya ke da taushi, sai mu yi shiru. Tun da ya ke gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, bai kamata iyakar iliminmu ya zama "haka a ke yi" ba. Yaro ya kan tambayi dalili, malamin da ba shi da amsa kuwa girmansa ya ragu.

Akwai kuma wani abin kunya da ya same mu, shi ya tilasta mana bin diddigin al'amarin. Da daminar bara wata gwaggonmu a Gyadi-Gyadi tana shirin garar 'yarta, muka cika mata baki muka ce za mu yi mata wani irin biskit na Faransa wanda ba a taɓa kai irinsa gidan miji ba a unguwar. Ta amince, ta ba mu fulawa da sukari da ƙwai daga cikin kayan da ta daɗe tana tarawa. Muka yini muna gashi, ya fito kyakkyawa, muka zuba a kwalla muka kife da faifai. Gari na wayewa muka buɗe, sai muka tarar duk ya yi laƙwas kamar kwanannen sinasir. Gwaggo ta duba, ta ce, "'Ya'yan nan, wannan ne abin Faransan? Ai da kun bar ni da girebata." Ba mu ce uffan ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga abin da muka koya tun daga ranar, don kada wani ya sake ɓarnar da muka yi.

Asalin kayan alkama a Kano

Kafin mu tafi Faransa, bari mu fara daga gida. Gero da dawa su ne abincin ƙasar Hausa na asali. Alkama baƙuwa ce, sunanta ma ya nuna, gama daga Larabci aka aro shi. Haka nan alkaki da gurasa da gireba da sukari, duk kalmomin Larabawa ne da bakin Bahaushe ya gyara su. Fataken Gadamus da na Tarabulus sun daɗe suna ratso Sahara zuwa kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Barth wanda a ke kira Abdulkarim da ya zo a 1851, duk sun iske Larabawan nan zaune cikin birni suna ciniki. Har yanzu akwai unguwar da a ke kira Dandalin Turawa, don a wancan zamani Larabawan Arewa a ke ce wa Turawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 sai fataucin Sahara ya yi ta ja da baya, amma girkin da aka koya daga gidajen nan ya zauna daram, har ya zama ba a cika gara ba sai da alkaki da dubulan.

Alkama ba ta son zafi, saboda haka da sanyi a ke noma ta a ƙasarmu, a shuka wajen watan Nuwamba, a girbe wajen Maris. Mutanen dā da jigo su ke ba ta ruwa a fadamu. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai nomanta ya ƙaru a Kadawa da Kura da Bunkure. Duk da haka mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga ƙasashen waje a ke sayo ta. Gwamnati ta taɓa hana shigo da ita a 1987, ta kuma janye hanin a 1992, don abin da a ke nomawa bai wadatar ba. To, kun ga fulawa ba abin wasa ba ce, wanda ya ƙona ta kuɗi ya ƙona.

Irin na Faransa

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu sanin gashin Faransawa, don su suka mulki ƙasarsu har 1960, suka bar musu burodin nan dogo mai kama da sanda. Kalmar biskit ma daga bakin Faransawa ta fito, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu. Dā can haka a ke yi wa burodin matuƙan jirgin ruwa, a gasa shi, a sake mai da shi wuta har ya bushe sarai, don ya yi watanni bai lalace ba. Ku riƙe wannan, gama shi ne kan darasinmu: bushewa ita ce ran biskit.

Siririn biskit iri iri ne gare su. Tun ƙarni na 13 akwai ƙungiyar masu sana'arsa a birnin Faris, suna matse ƙullu tsakanin ƙarafa biyu masu faɗi waɗanda aka haɗa kamar awartaki, su ɗora bisa wuta, da dare su bi titi suna talla. A garin Quimper, cikin lardin Bretagne, akwai wani irin da a ke naɗewa kamar tabarma. An ce wajen ƙarshen ƙarni na 19 wata mace ce ta mance da fankenta bisa kasko har ya bushe, da ta naɗe shi ta ɗanɗana sai ta ji ya fi na kullum daɗi. Tun 1920 a ke sayar da shi da sunan Gavottes. Wannan labari ba zai ba Bahaushe mamaki ba, don haka mu ke samun ƙanzo a gindin tukunyar tuwo.

Wanda muka zaɓa mu koya shi ne wanda su ke kira tuwil. Ma'anar sunan tanƙwararren fale-falen yumɓu da su ke rufin ɗaki da shi, don siffarsu ɗaya. Mun zaɓe shi domin ba ya bukatar ƙarfen matsewa ko wani inji. Cokali da faranti da wuta sun isa.

Kaya huɗu da aikin kowanne

Farin ƙwai, da sukari, da fulawa, da bota. Iyakarsu ke nan, sai ɗan gishiri. Amma kowanne da aikin da ya ke yi, wanda ya san aikin kuwa shi zai iya gyara in abu ya ɓaci.

Fulawa ita ce gangar jiki. Cikinta akwai gari mai sitaci, akwai kuma wani danƙo wanda ba ya bayyana sai ya sha ruwa an cuɗa shi. Kowa na iya ganinsa da idonsa. A kwaɓa fulawa da ruwa da tauri, a bar ta rabin sa'a, sa'an nan a riƙa wanke curin cikin kwanon ruwa. Farin gari zai fita, a bar wani abu a hannu mai talewa kamar roba. Wani masani na ƙasar Italiya, Beccari, shi ya fara raba shi haka a 1728. Wannan danƙo shi ke riƙe iska cikin gurasa da burodi har su tashi, gero da dawa kuwa ba su da shi, shi ya sa ba a gurasa da gero zalla. Mai gurasa danƙon nan ya ke nema, don haka ya ke cuɗa kwaɓi har ya gaji. Mai biskit kuwa gudunsa ya ke yi, gama in ya yi yawa biskit sai ya yi tauri yana jan haƙori.

Bota ita ce maganin danƙon. Mai ya kan lulluɓe ƙwayoyin gari ya hana su kama juna. Dabarar gireba ke nan, mai ya yi yawa, ruwa kaɗan ko babu, shi ya sa ta ke rugurgujewa a baki. Ashe iyayenmu sun san wannan hikima tun ba a rubuta ta a littafi ba.

Farin ƙwai kusan kashi 9 cikin 10 nasa ruwa ne, sauran kuwa wani abu ne mai daskarewa in ya ji zafi. Ruwan shi ke sa ƙullu ya shafu siriri, mai daskarewar kuma shi ke riƙe biskit kada ya watse. Ba a sa gwaiduwa, don ta kan sa taushi irin na kek. Kada a zubar da ita, a soya wa yara.

Sukari ba don zaƙi kaɗai a ke sa shi ba. Cikin wuta ya kan narke, in ruwan ya ƙone aka fitar da shi ya huce, sai ya sandare kamar gilashi, kamar yadda mu ke gani ga alewa da kantun riɗi. Wannan sandarewa ita ce ƙaras ɗin da mu ke ji. Saboda haka wanda ya rage sukari ƙwarai don tsimi, biskit ɗinsa ba zai yi ƙara a baki ba.

Awo

Ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: duk huɗun nauyinsu ɗaya. A fara auna farin ƙwai, abin da ya ba da shi za a bi. Farin ƙwan kaza 3 matsakaita wajen giram 90 ne. To, sai sukari giram 90, fulawa giram 90, bota giram 90. Wannan zai ba da biskit wajen 30 ko fiye kaɗan.

A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Nauyi ɗaya ba shi ne mudu ɗaya ba, gama sukari ya fi fulawa nauyi. Wanda ba shi da sikeli, ga yadda zai yi da ƙaramin gwangwanin madara. Fulawa tankaɗaɗɗiya gwangwani 1 a shafe, ba a danna ba. Sukari kashi 2 cikin 3 na gwangwanin. Narkakkiyar bota ita ma kusan kashi 2 cikin 3, a ɗan rage. In ƙwan zabi ne, kamar yadda a kan samu da damina, ya fi na kaza ƙanƙanta, sai a fasa 4 ko 5.

Wanda ba shi da bota ya sa man shanu soyayye, ƙanshinsa ma ya fi. Amma fa a lura, bota kashi 80 cikin 100 nata ne mai, sauran mafi yawa ruwa ne, soyayyen man shanu kuwa an riga an ƙone ruwansa. Don haka giram 75 ya isa, a ƙara babban cokali 1 na ruwa. Man gyaɗa ma ya yi da wannan awo, sai dai ba shi da ƙanshin. Faransawa su kan barbaɗa yankakken almon a kai, wani ɗan itace ne mai tsada a nan. Mu riɗi mu ke sawa, ko soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, wani lokaci da ɗan garin citta cikin ƙullun. A tsince gyaɗa da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta ke ɗaci a yar, don tana ɗauke da dafi mai cutar hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi.

Haɗa ƙullu

Da fari a narkar da bota a bar ta ta huce, ta zama da ɗumi kaɗan. In aka zuba ta da zafi sai ta dafa ƙwan tun cikin kwano. Na biyu, a zuba farin ƙwai da sukari da ɗan gishiri a kwano, a motsa da cokali mai yatsu har sukari ya soma narkewa. Kada a buga har ya yi kumfa fari, gama kumfa iska ce, iska kuwa ta kan kumbura biskit ya yi kauri. In sukarin mai manyan ƙwayoyi ne a daka shi tukuna. Na uku, a tankaɗe fulawa da rariya a kai, a juya sannu har gari ya ɓace, daga nan a tsaya, don kowane juyi na banza danƙo ya ke tayarwa. Na huɗu, a zuba bota, a juya har ta shige. Ƙullun zai fi na waina kauri kaɗan, ya yi santsi ba gudaji.

Sa'an nan a rufe, a ajiye a firiji ko a gindin randa rabin sa'a. Wannan hutu shi ke sa gari ya sha ruwa daidai, ƙullun kuma ya fi shafuwa. Amma lokacin bazara kada a bar shi a waje ya wuce sa'a 1, kuma kada a bar yara su lashi cokali, don ɗanyen ƙwai ya kan kawo ciwon ciki.

Shafawa

Nan ne gwaninta ta ke. A shafa wa faranti mai sosai, a barbaɗa gari kaɗan a kakkaɓe, ko a shimfiɗa takardar gashi ga mai ita. A ɗebo ƙullu ƙaramin cokali 1 a cike, a ɗiga, a baza shi da bayan cokali ana kewayawa har ya kai faɗin bakin kofin shayi, watau wajen santimita 7 ko 8. Kaurinsa kada ya wuce milimita 1 zuwa 2, har a riƙa hango duhun farantin ta cikinsa. Ku tuna da mai kilishi. Ba don kome ya ke yanyana nama fale-fale ba sai don rana da wuta su ratsa shi su fitar da ruwa duka. In ya bar wani wuri da kauri, nan ne zai fara ɓaci. Haka biskit ɗin nan, in tsakiya ta fi baki kauri, baki zai ƙone tsakiya ba ta bushe ba.

Ga wata dabara. A sami marfin roba na tsohon bokiti, a wanke, a yanke da'ira a tsakiyarsa. A ɗora shi bisa faranti, a sa ƙullu cikin ramin, a share da wuƙa, a ɗaga marfin. Duk za su fito girma ɗaya, kauri ɗaya. A bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, sa'an nan a barbaɗa riɗi. Kada a sa fiye da 4 ko 5 a faranti guda, dalilin yana zuwa.

Wuta

Mai obin, watau tanderun ƙarfe mai aiki da gas ko lantarki, ya kunna shi tun da minti 15, ya sa zafinsa digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. Minti 6 zuwa 8 sun isa. Amma gidaje nawa ne a Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa ke da obin? Masu na lantarki ma wuta ba ta da tabbas. Saboda haka ga hanyar da mata suka saba gasa kek da ita.

A sami babbar tukunya da aka daina girki da ita. A zuba yashi wankakke busasshe, kaurin yatsa uku. A kafa duwatsu 3 ko gwangwanaye 3 bisa yashin, tsawonsu ɗaya, don faranti ya zauna a kai bai taɓa yashi ba. A ɗora bisa garwashin gawayi, a rufe da marfi mai faɗi, a zuba garwashi kaɗan bisa marfin. Yashi shi ke riƙe zafi ya raba shi daidai, garwashin sama kuwa shi ke gasa fuskar biskit. A bar ta ta yi zafi minti 15 kafin a sa kome. Gwajin zafi kuwa, a barbaɗa fulawa kaɗan a faranti a sa ciki a rufe. In bayan minti 5 ta yi ja-ja kamar soyayyiyar gyaɗa, wuta ta yi daidai. In ta yi baƙi-baƙi a rage garwashi, in tana nan fara a ƙara.

Me ke faruwa cikin tukunyar? Da fari ruwa ne ke fita, kuma muddin akwai ruwa da yawa, ƙullun ba zai wuce zafin tafasa ba, watau wajen digiri 100. Sai ya bushe zafinsa ke hawa. Daga wajen digiri 140 sukari da abin nan mai daskarewa na ƙwai da na fulawa su kan haɗu, su ba da launin ja da ƙanshin gashi. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912, har yau da sunansa a ke kiran abin. Shi ne kuma ke ba tsire da bayan gurasa launinsu. To, kun ga launi shaida ce. Wurin da ya yi ja ya bushe, wurin da ya ke fari fat da sauran ruwa. A fitar sa'ad da baki ya yi ja sosai, tsakiya kuwa ta yi ruwan zuma. Daga minti na 5 kada mai gashi ya tashi daga wurin, gama tsakanin nuna da ƙonewa minti guda ne.

Tanƙwarawa

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Da fitowarsa biskit ɗin nan laushi gare shi kamar ganye, don sukarin bai sandare ba tukuna, amma cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ya ƙage. A zura siririyar wuƙa ƙarƙashinsa a ɗaga, a kifa shi bisa muciya mai tsabta ko kwalba a kwance, a ɗan danna da tsumma. Minti 1 ya ɗauki siffa. Dalilin da ya sa muka ce kada a wuce 4 ko 5 ke nan, don kafin a kai ga na shida ya riga ya sandare. In ya sandare tun a faranti kada a tilasta shi, sai ya karye. A mai da shi wuta rabin minti, zai sake laushi. Wanda ya so ya naɗe shi jikin tsinken cokali ya zama kamar bututu, wanda bai so wahala ba ya bar shi a shimfiɗe, daɗinsu ɗaya. In za a sake zuba wani ƙullu, a bar faranti ya huce, ko a yi aiki da biyu ana musanyawa.

Ajiya

Yanzu mun zo inda muka faɗi. Sukari makwaɗaicin ruwa ne, har daga iska ya ke zuƙo shi, kowa ya ga yadda alewa ke naso da damina. Da hunturu laimar iskar Kano ta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuwa ta kan kai wajen kashi 80. Mu a Agusta muka yi namu, muka zuba shi da sauran ɗumi, tururinsa ya koma masa, muka kuma rufe da faifai wanda iska ke ratsawa. Laifi biyu ke nan a dare ɗaya.

Daidai shi ne a bar shi ya huce sarai, minti 10 zuwa 15, sa'an nan nan da nan a sa a gwangwani ko kwalba mai marfi gam. Da damina a ƙulla busasshiyar shinkafa a tsumma a jefa ciki ta taimaka wajen shan laima. Kada a haɗa shi da kek ko alkaki wuri ɗaya, zai sha ruwansu. Da hunturu ya kan yi mako guda lafiya, da damina kuwa a yi shi ranar da za a ci ko ana gobe. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, ashe na gwaggo ma bai mutu ba. Da mun mai da shi wuta marar ƙarfi, wajen digiri 150, minti 4 ko 5, muka sake tanƙwara shi, da ya komo kamar sabo. Mu kuwa muka raba wa yaran unguwa.

Gargaɗi biyu

Na ɗaya, kada a kuskura a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa, ko da ruwa a ke yi, ko don sanyi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, ta fi iskar da mu ke rayuwa da ita kama jini fiye da sau 200. Ta kan fara da ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta ya ce hutawa zai yi, shi ke nan. A yi gashi a tsakar gida ko a rumfa mai iska. Yashi kuma ya kan daɗe da zafi bayan wuta ta mutu, a kau da shi daga inda yara ke wasa.

Na biyu, wannan abin marmari ne. Sukari giram 90 a raba 30, kowane biskit na da giram 3. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawara kada sukarin da a ke ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau wajen giram 50 ga babban mutum. Wanda ya cinye 10 ya sha shayi mai zaƙi a kai, ya kusa cika rabonsa na ranar.

Abin da malami zai yi da wannan darasi

Kada wani ya ce wannan zancen madafa ne kawai. Lissafi na ciki, da labarin ƙasa, da tarihi, da kiwon lafiya. Ga tambayoyin da za a iya ba yara, mu ma mu fara gwada kanmu.

1. In aka fasa ƙwai 5, farinsu ya ba da giram 150, nawa ne nauyin ƙullu duka, kuma biskit nawa za a samu in ƙwai 3 sun ba da 30?
2. Ƙullun ƙwai 3 giram 360 ne. Lissafi ya nuna ruwan da ke cikin ƙwai da bota da fulawa ya kai wajen giram 100. A auna biskit bayan gashi, a faɗi inda sauran nauyin ya tafi.
3. A ajiye biskit ɗaya a fili, ɗaya a kwalba rufaffiya, a duba da safe. A yi haka a Janairu, a sake a Agusta, a rubuta bambanci.
4. Me ya sa mai gurasa ke cuɗa kwaɓi, mai gireba kuwa ba ya cuɗawa?
5. A tambayi tsofaffi a gida yadda a ke alkaki da dubulan da nakiya, a rubuta awon da lokacin, a kawo aji.

Tambaya ta biyar ita ce muka fi so a kula da ita. Da sanyin bana mun koma wurin gwaggo da gwangwani cike, ta ɗauki ɗaya ta karya, ta ji ƙararsa, ta ce, "To, yanzu kun yi abin kai. Sai ku zauna in nuna muku gireba, don na ga kun san na Faransa ba ku san na gidanku ba." Muka ce, "Gwaggo, a gafarce mu, gaskiyarki ne." Muka zauna da takarda da sikeli, duk abin da ta ɗebo da hannu muka auna muka rubuta, gama ita ba ta taɓa aunawa ba, hannunta ya riga ya sani. In malamanmu sun yarda, awon nan shi za mu kawo muku a fitowa ta gaba. Wanda kuma ya gwada wannan ya ga inda muka yi kuskure, muna roƙo ya rubuto ya gyara mana. Haza wasalam.